Allurar baya saboda gocewar diski, wa ya taɓa yi don Allah?

Tela_Abba:
Slm jama'a barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen wanda ya san abin ko ya taɓa yi. Ni tela ne shekarata 43, kun dai san sana'ar tamu zama ce kan keke tun safe har dare. Tun bayan ƙaramar salla kwankwasona ya fara ciwo na ɗauka gajiyar ɗinkin salla ce, to daga baya sai ciwon ya gangaro ta mazaunin hagu ya bi bayan cinya ya sauka sharaɓa har ɗan ƙaramin yatsan ƙafa, in na yi atishawa ko tari wlh sai na ji kamar shokin ya ja ni, ruku'u ya gagara, salla a zaune nake yi kuma zaman ma ba daɗi. Na sha diclofenac har cikina ya fara zafi. An yi min hoton MRI likita ya ce diskin, wato ɗan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya biyu da suke kira L5 da S1, shi ne ya bullo yana danne jijiya, ya ce ba sai an yi aiki ba tukuna amma yana so a yi min wata allura a baya wai epidural, da sitiroyid a ciki. Matsalar Hajiyarmu ta ce sam ba da yawunta ba, wai allurar baya gurgunta mutum take yi. Ni kuma ga iyali ga shago a rufe. Shin tana warkarwa gaba ɗaya? Kuma ina da suga, metformin nake sha, ko da matsala?

Maman_Ilham:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba ka lafiya Malam. Ni dai gsky ina bayan Hajiya. An min allurar baya lokacin da aka min CS wato tiyatar haihuwa kuma har yau in sanyi ya shigo sai wajen ya riƙa min ciwo, mata da yawa haka suke faɗa. Ka gwada ƙaho da man zaitun tukuna, ba inda ba a dacewa.

Direban_Tirela:
Ɗan uwa ni an yi min, a Kaduna, nawa L4 da L5 ne ƙafar dama. Bari in faɗa maka yadda abin yake don tsoron ya ragu. Ba a sa ka barci, rub da ciki za ka kwanta a kan gado a ɗakin tiyata, su goge bayan da magani su yi maka 'yar ƙaramar allurar kashe zafi a fata, wannan ita ce ma mai zafin. Akwai wata na'urar hoto da ke zagaye gadon suna kallon ƙashin bayanka a talabijin suna tura allurar a hankali, da ya zuba maganin sai na ji wani nauyi ya bi ƙafar har ƙasa daidai inda ciwon yake bi, na ce likita ga shi nan ga shi nan, ya ce to mun samu wajen kenan. Duka-duka bai kai rabin awa ba, na ɗan huta suka ce in tafi gida amma kar in tuƙa mota ranar, ƙanina ne ya mai da ni.

Abin da nake so ka sani, ranar za ka ji garau ka ce an gama, to maganin kashe zafin ne, da dare ko washegari ciwon zai dawo ni nawa ma har ya ɗan fi na da, na kira su ina faɗa suka ce in yi haƙuri. Wajen kwana na huɗu zuwa mako sai ya fara lafawa har na koma barci kamar mutane. Amma kar wani ya ce maka warkewa ce. Shi diskin nan shokazoba ne tsakanin ƙashi da ƙashi, allura ba ta mai da shi yadda yake, ni bayan wasu watanni ciwon ya ɗan leƙo sai dai bai kai na farko ba, da gashin ƙashi na asibiti, wato motsa jiki, na ƙarasa.

Likita_Sadiq:
Malam Abba sannu, Allah ya ƙara afuwa. Ni ɓangaren sa barci da kashe zafi nake aiki, to bari in ɗan yi bayani, amma likitan da ya ga hotonka ya duba ka shi ne mai magana ta ƙarshe ba ni ba.

Farko maganar Hajiya, a gaishe ta, tsoronta ba na banza ba ne amma ga yadda abin yake. Ita laka a jikin babba tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, wato sama da inda matsalarka take sosai. Sannan ba a cikin ruwan laka ake zuba maganin ba, akwai wata riga da ta lulluɓe laka da jijiyoyi, a wajen rigar nan akwai ɗan fili mai kitse, nan ake zubawa. Wadda aka yi wa Maman Ilham a CS yawanci ta huda rigar ce a zuba a cikin ruwan don ƙafafu su mutu na 'yan awoyi, ba iri ɗaya ba ce. Kuma Anti ki yi haƙuri, an bincika wannan magana da yawa ba a samu cewa allurar ce ke kawo ciwon baya na shekaru ba, wajen yakan yi tsami na 'yan kwanaki, sauran kuma ciki ne da goyo da sunkuyon wanki da wanke-wanke.

Me ya sa ake yi? Ba dannewa kaɗai ke sa ciwon ba, abin da ya fito daga cikin diskin yana sa jijiyar kumbura, shi kuma sitiroyid kumburi yake saukarwa. Ana amfani da dexamethasone ko methylprednisolone ko triamcinolone, a haɗa da maganin kashe zafi irin lidocaine. Hanyar shiga uku ce, ko ta tsakiyar baya tsakanin ƙasusuwa biyu, ko ta gefe daidai ƙofar da jijiyar ke fitowa, ko ta can ƙasa saman tsagar mazaunai. Ka tambaye shi wacce zai bi kuma da na'urar hoto zai yi ko a'a, ni dai ta gefen nan ba zan yarda a yi wa ɗan uwana ita da lalube ba.

Illa akwai. Ƙananan su ne fuska ta yi zafi, rashin barci kwana ɗaya biyu, jini ya ɗan hau. In allura ta huda rigar nan bisa kuskure mutum kan yi ciwon kai mai tsanani wanda in ka tashi zaune ya taso in ka kwanta ya lafa, yana da magani. Manyan, wato ƙwayar cuta ta shiga ko jini ya taru ya danne jijiya ko shanyewa, ba kasafai ba ne ko kaɗan amma ba za a ce babu ba, a 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi a kan haka a jikin magungunan. Shi ya sa in kana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel dole ka faɗa tun kafin ranar.

Suga kuwa eh da magana. Sitiroyid zai ɗaga maka shi na wasu kwanaki, wani har mako ko fiye. Ba ya hana a yi, amma a tabbatar ya daidaita kafin nan, kuma ka riƙa gwadawa safe da yamma a makon, in ya yi sama sosai ka koma wajen mai duba sugan naka, kar ka ƙara wa kanka magani.

Mai_Gashi_Zariya:
Likita ya gama magana sai dai ni ina da ɗan ja. Mu a ɓangaren gashi muna ganin masu wannan ciwo kullum, kuma mafi yawansu cikin mako 6 zuwa 12 ciwon ƙafar ke sauka da kansa, shi abin da ya bullo ɗin jiki yakan tsotse shi a hankali ya motse, abin mamaki ma wanda ya fi fitowa sosai shi ya fi saurin motsewa. Allurar sauƙi take kawowa na makonni zuwa 'yan watanni, kuma ciwon ƙafa ta fi yi wa aiki ba na tsakiyar baya ba, in aka zo bayan shekara aka duba wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba bambancin ba wani mai yawa ba ne. To ni abin da ke ba ni haushi a karɓi kuɗin mutum masu yawa ba a gaya masa haka ba, ya tafi yana murna an gyara masa baya, washegari ya koma kan keke awa goma.

Ban ce kar ka yi ba fa. Mutumin da ba ya barci ba ya iya tsayuwa ba ni da yadda zan sa shi motsa jiki, in allura ta ba shi sarari sai mu samu mu yi aikinmu. Kawai ka san me kake saye. Kuma ba a jera ta kamar allurar maleriya, yawancin likitoci ba sa wuce uku ko huɗu a shekara, in ta farko ba ta yi komai ba a zauna a sake lissafi.

Ƙaho ba ya kaiwa inda jijiyar take, kuma mai suga da tsaga fata sai a yi hattara. Masu ɗori kuma don Allah kar ka bari wani ya hau bayanka wai zai mai da ƙashi.

Abu_Hanif:
Ƙari a kan na likita, a kula da INDA za a yi. A 2012 a Amurka wani kamfanin haɗa magani a jihar Masacusets ya fitar da methylprednisolone da ya gurɓata da fumfuna, aka yi ta yi wa mutane a baya, sama da 750 suka kamu da cuta ciki har da sanƙarau, fiye da 60 suka rasu. Amurka kenan fa, ina ga wanda zai ce zo bayan kemis in maka. Sannan a nan wajenmu tibin ƙashin baya, wato ƙwayar tarin fuka in ta kama ƙashin baya, yana da yawa kuma yana zuwa da ciwon baya shi ma, in aka zuba sitiroyid a kansa an ƙara masa ƙarfi ne. Kai ka yi MRI alhamdulillah, amma masu karantawa da ke da ciwon baya tare da rama da zazzaɓi da gumin dare, ba allura ce maganarku ba, ku je asibitin ƙashi na Dala ko asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya a bincika.

Tela_Abba:
Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na karanta wa Hajiya na Likita Sadiq ta ɗan sauko, ta ce dai sai yayana ya raka ni. Likita tambaya ɗaya, tun jiya nake jin ƙafar ta ɗan yi nauyi in zan hau bene, in jira ranar da suka ba ni ko yaya? Kuma yaushe zan koma ɗinki?

Likita_Sadiq:
Kar ka jira, ka koma gobe ka gaya masa, nauyin ƙafa daban ciwo daban. Yanzu ma tashi ka dafa bango ka gwada ɗaga diddige ka tsaya kan yatsun ƙafar hagu kaɗai, sannan ka gwada tafiya kan diddige, in hagun ta kasa abin da dama ke yi ka faɗa masa haka. Rauni in yana ƙaruwa maganar takan tashi daga allura ta koma aiki. Amma in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu ba ka jin ruwa in kana tsarki, ko ƙafa biyun duka suka saki, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a tafi ɓangaren gaggawa, awoyi ake lissafawa.

Ɗinki kuma ka bar wa yaran shago keken ƙafa tukuna, kai ka tsaya a yanka a tsaye kan tebur mai tsayi, in za ka zauna kan keken lantarki kuma duk rabin awa ka miƙe ka ɗan zaga. Diclofenac ɗin nan ma ka dakata da shi tunda ciki ya fara zafi ga suga, ka tafi da kwalin ya gani ya canja maka.