Me ya sa ƙananan garuruwan layin dogo na kudancin ƙasar Amurka suke kama da juna?

Ɗalibin Taswira:
Salamu alaikum. A taswirar jihohin Jojiya da Karolina akwai ƙananan garuruwa jere a kan layin dogo kamar 'ya'yan carbi. Shaguna suna fuskantar dogo, wasu garuruwan ma iyakarsu da'ira ce cif. Wa ya tsara su haka, kuma me ya sa da yawansu suka mutu?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Fara da kan jirgin, shi ne ya zaɓi wurin. Kan jirgi mai aiki da tururi yana shan ruwa sosai, na farko-farko ma ba sa wuce mil goma sai an ƙara musu. Saboda haka kamfani zai kafa tankin ruwa da wurin tara itace, ya shimfiɗa ɗan gajeren layi a gefe domin jirage biyu su ba juna hanya, tunda layin ɗaya ne. Daga nan sai tasha, sai safiyo ya yanka filaye, tituna suna bin dogo ko suna ratsa shi a miƙe. Fulotan da suka kalli tasha su suka fi tsada, shi ya sa shaguna suka jeru can.

Da'irar da ka gani doka ce ta kawo ta. A Jojiya takardar kafa gari takan ce iyaka ita ce tazara kaza daga wuri guda, sau da yawa tashar. Plains, wani gari a Jojiya, haka take, rabin mil ta kowace fuska. Mutanenta sun taso ne daga tsoffin ƙauyukan kusa lokacin da dogo ya iso a 1885, aka gina tasha a 1888, wadda Jimmy Carter ya mayar ofishin yaƙin neman zaɓensa na shugaban ƙasa a 1976.

Malamar Tarihi:
Malam ya yi bayani, amma ruwa kaɗai ba ya riƙe gari. Auduga ce ta riƙe su. Dila ɗaya ta kai kimanin laba 500, kuma manomi da keken alfadari yana buƙatar wurin da zai kai kaya ya koma gida a yini guda. Duk tashar da ta samu injin gurzar auduga da sito da banki da ɗan kasuwa mai ba da bashi har kaka, ta zama gari. Wadda ba ta samu ba ta tsaya a tankin ruwa.

Kada kuma a manta dogon ya raba mutane. A garuruwa da dama unguwar baƙar fata tana ƙetaren layi, tashar kanta a wancan zamanin ɗakin jira biyu gare ta, ƙofa daban-daban. Shari'ar Plessy ta 1896, wadda a cikinta Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wannan wariya, ta taso ne daga batun zama a taragon jirgi a Luwiziyana. Wanda ya karanta taswirar bai lura da wannan ba, rabin garin ya gani.

Mai Bin Dogo:
A bambanta iri biyu, 'yan uwa. Akwai garin auduga, akwai garin ma'aikatan jirgi. Spencer a Karolina ta Arewa iri na biyu ne: kamfanin Southern Railway ya buɗe babban wurin gyaran kawunan jirgi a can a 1896 don wurin yana tsakiyar hanya tsakanin Washinton da Atlanta, aka sa wa garin sunan shugaban kamfanin, Samuel Spencer. Hamlet kuma, a wannan jihar, ta kasance mahaɗar layukan kamfanin jirgi na Seaboard.

Mutuwarsu ma ta bambanta. Garin auduga ƙwaron da ke cin ƙwallon auduga ne ya fara karya shi, ya shigo Jojiya a 1915, sannan ma'aikatan gona suka yi ta ƙaura zuwa arewa. Garin ma'aikata kuwa dizal ne ya gama da shi. Southern ya daina aiki da tururi a 1953, kan dizal kuma ba ya neman tankin ruwa, gyaransa bai kai na tururi yawa ba. Bayan dokar manyan tituna ta 1956 ciniki ya koma bakin kwalta. Wurin gyaran Spencer yanzu gidan tarihin sufuri ne, jiragen kaya kuwa suna ratsa yawancin waɗannan garuruwa ba tare da sun tsaya ba.