Sitiroid ya ƙi aiki, me za mu tambayi likita?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce mai gyambon babban hanji, yau kwana biyar ana yi mata allurar sitiroid (maganin rage kumburi) a asibiti, gudawar jinin ta ƙi tsayawa. Daren jiya sai riƙe ta nake ina kai ta bayan gida, ƙafafunta na rawa. Likita ya fara maganar infliximab, wani magani mai ƙarfi da ke danne garkuwar jiki. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu shawara.

Mai Haƙuri: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ki tambaya ko an gwada kashinta don C. diff, wata ƙwayar cuta da ke kama hanji ta kawo gudawa. Ni ta kama ni bayan na sha maganin ƙwayoyin cuta, na ɗauka gyambon hanjina ne ya tashi, don alamunsu ɗaya. Vancomycin aka ba ni na sha, sau 4 a rana, kwana 10. Ke ma mai jinya ki riƙa wanke hannu da sabulu da ruwa, man tsaftace hannun nan mai sinadari ba ya kashe ta.

Yaya Babba: Ƙanwata, ki ƙara da tambayar CMV, wata ƙwayar cuta ce nau'in bairos. Yawancinmu muna ɗauke da wannan ƙwayar tun yarinta, tana kwance shiru, sai magani ya danne garkuwar jiki ta farka ta ci hanji. Abin da ya faru da matata ke nan. Mun yi ta ƙara magani tana ƙara ramewa, har zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa. Sai da aka leƙa hanjin da na'ura aka ɗebi ɗan nama aka gano ta. Gwajin jini kaɗai bai isa ba. Ganciclovir aka sa mata ta jijiya, daga baya ta koma shan valganciclovir, aka riƙa rage sitiroid a hankali.

Mai Haƙuri: Kuma kada ku ba ta maganin tsayar da gudawa da kanku.

Anti Nas: Idan har za a kai ga infliximab, a fara yi mata hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B. Maganin yana iya tayar da su, kuma tarin kan ɓulla ko a wajen huhu.

Uwar Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na rubuta duka a takarda. Da safe idan likita ya zo zagaye zan tare shi, zan dawo muku da abin da ya ce.