Neman kalma: ciwon da ke tashi bayan allurar farko ta endometiriyosis

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma zan miƙa wata takardar bayani ga marasa lafiya, kuma kalma ɗaya ta tsare ni tun azahar. Takardar ta matan da za su fara allurar danne homon (sinadarin jiki mai sarrafa haila) ce saboda endometiriyosis, cutar nan da nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar. Sunan cutar na bar shi yadda yake, na bi shi da bayani. Inda na maƙale shi ne abin da likitoci ke ce wa flare. Bayan allurar farko, kafin homon ya sauka sai ya fara hauhawa, ciwon mara ya ƙaru, wata har ta ga jini, na mako ɗaya zuwa biyu. Na rubuta "illar farko" na goge. A taimaka wa 'yar uwarku.

Nas Mai Aikin Dare: Gara da kika goge. Illa a kunnen mace lahani ne, abin da ba ya gyaruwa. Na taɓa ganin wadda ta dawo kwana tara bayan allurar, hannu ɗaya dafe da mara, ɗayan riƙe da katinta, tana rantsuwa ba za ta karɓi ta biyu ba, wai an cuce ta. Babu wanda ya gaya mata haka abin yake farawa. Alluran nan, su Zoladex da Lupron, kwaikwayon saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa suke yi don a samar da estirojin, wato homon ɗin da ake son dannewa. Kamar mai buga ƙofa ne ba ƙaƙƙautawa. Da farko a amsa masa da ƙarfi, daga baya a gaji a toshe kunne. Amsawar farkon nan ita kike nema wa suna.

Baban Ummi: Tashin ciwo mana. Me ya yi zafi?

Mai Fassara: Na duba shi, Baban Ummi. Amma mai asma ma ciwonsa na tashi, mai sikila ma haka. Ba ya nuna cewa maganin ne ya taso da shi.

Uwar Biyu: Ruruwa fa? Kamar yadda wuta ke ruruwa kafin ta mutu.

Malamin Nahawu: Duk kuna kewaye-kewaye, alhali harshen ya riga ya ba mu ma'auni. Daga sanƙarewa muka samu sanƙarau. To daga tsananta sai mu samu tsanantau. Kalma ɗaya tilo, babu jela, babu aro. Malama, rubuta tsanantau ki je ki kwanta.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, tsanantau ai laƙabin shugaban makarantar da ba ya dariya ne.

Nas Mai Aikin Dare: Malam, misalinka shi ya kayar da kai. Mace ta ji kalma mai amon sanƙarau, me za ta ɗauka? Sabuwar cuta ta same ta a kan wadda take fama da ita.

Malamin Nahawu: Jin tsoro ba hujjar nahawu ba ce, Sista. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta. A yi amfani da ita shekara biyu a gani.

Ɗan Zamani: Ni ban ga abin wahala ba. A rubuta filiya kawai. Likitan ma da bakinsa haka zai faɗa mata.

Malamin Nahawu: Ga irinta nan. Harshen da miliyoyin mutane ke kwana suna tashi da shi, a ce ya rasa sunan ciwon da ya ƙaru? Wannan lalaci ne da raina kai.

Ɗan Zamani: Malam, likita da asibiti daga ina suka zo? Allurar ma da ake magana a kanta daga Larabci take. Aron da ya tsufa ya zama ɗan gida, na jiya ne kawai bare?

Malamin Nahawu: Waɗancan kakanninmu ne suka tauna su har suka yi laushi. Kai haɗiya kake yi ba tauna.

Mai Fassara: Jama'a, goma na safe fa.

Uwar Biyu: Bari in sa baki a matsayin wadda aka yi wa allurar, wata shida cur, ƙarƙashin fatar ciki duk bayan kwana 28. Makon farkon nan ya yi min wuya, amma an faɗa min tun kafin a tsira min, shi ya sa na daure. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya biyo baya. Ina zaune lafiya sai in ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya zuwa fuska, minti biyu ko uku ya wuce ya bar ni sharkaf. Da dare sai na juya matashin kai saboda zufa. Ga ciwon kai, ga rashin barci, ga fushin da ni kaina ban san dalilinsa ba. Malama, shi wannan zafin me kika kira shi? Don Allah kada ki ce zafin jiki, za a ɗauka zazzaɓi ne a kama shan maganin maleriya.

Mai Fassara: Wallahi zafin jiki na rubuta, Anti. Kin ga wata sabuwa.

Baban Ummi: Hucin zafi.

Uwar Biyu: Ni dai a gida cewa nake wutar ta taso.

Almajirin Larabci: Tunda alamomin irin na matan da suka daina haila ne, Larabawa suna da suna tsayayye, sinnul ya'asi. A ara daga can ya fi mutunci.

Uwar Biyu: Shekarun yanke ƙauna ke nan fa, ɗan uwa. Yarinya 'yar 26 da ke fatan haihuwa za ka miƙa wa takarda mai wannan kalmar? Al'adar tsayawa take yi na ɗan lokaci, in an daina allurar takan dawo cikin 'yan watanni.

Nas Mai Aikin Dare: Ki ƙara da maganar ƙashi, Malama. Rashin estirojin na rage masa ƙwari, shi ya sa ba a cika wuce wata shida ba sai an haɗa da ɗan homon na cikon giɓi, wanda ke rage zafin nan ma. Kuma kada takardar ta nuna duk magungunan ke tayar da ciwon farko. Ƙwayar elagolix da Amurka ta amince da ita a 2018 kai tsaye take danne homon, ba ta da wannan hauhawar.

Malamin Nahawu: Cikon giɓi ya yi. Wannan na yarda.

Mai Fassara: To ga abin da na tsayar. Kan magana: "Tashin ciwo na farkon allura". A ƙarƙashinsa: "A mako ɗaya zuwa biyu na farko ciwon mara na iya ƙaruwa, kina iya ganin jini. Wannan sananne ne, yakan lafa da kansa. In ya fi ƙarfinki ki koma wurin likita, kada ki yanke magani da kanki." Baban Ummi, tashin ciwonka ya shiga, da jela.

Malamin Nahawu: Kalma biyar a inda ɗaya ta isa. Ba komai, takardarki ce. Ni a ajina tsanantau zan koyar.

Ɗan Zamani: Likita kuma zai ci gaba da cewa filiya.

Mai Fassara: Zafin nan ne har yanzu ban tsayar ba. Na rubuta "tasowar zafi daga ƙirji zuwa fuska", na ja masa layi da jan biro. Anti Uwar Biyu, in kina kusa, ya yi kama da abin da kika ji?

Uwar Biyu: Ya yi kusa. Ki ƙara zufar dare.