Ina zan riƙa ajiye kwafin bayanan shago?

Mai Kayan Masarufi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Lissafin kaya da na masu bashi duk yana cikin kwamfutar shagona a nan Gusau, manhajar kan MySQL take, wato tsarin da ke adana bayanan. Filashi zan saya ko in ɗora a Google Drive?

Ɗan Kaura: Wa alaikumus salam. Google Drive, Alhaji. 15GB kyauta suke bayarwa, lissafin shago ba zai cinye shi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ka manta 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara? Da me za ka sauko da shi a lokacin?

Baban Shinkafi: Alhaji, ni na ɗanɗana. Yaron da ya haɗa mana manhaja kullum da yamma yakan kwafe jakar bayanan zuwa hadis (wato hard disk na waje da ake jonawa), alhali manhajar tana aiki. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar, muka ɗauko hadis ɗin hankali kwance, fayil ya ƙi buɗuwa. Wanda ya duba ya ce an kwafe shi ana tsakiyar rubutu a ciki, ya fito rabi da rabi. Haka na bi 'yan sari ɗaya bayan ɗaya ina tambayar nawa nake bin su, wasu suka faɗi gaskiya, wasu sai Allah ya isa. Ka sa a riƙa fitar maka da kwafi da mysqldump, wato kayan aikin MySQL na fitar da kwafin bayanai, kuma duk wata a loda shi a wata kwamfutar a gabanka, ka ga sunayen masu bashinka da idonka.

Ɗan Kaura: Allah ya mayar da alheri, Baba.

Malam Na Tsafe: Ni dai littafina da biro, wuta ba ta taɓa ƙona min lissafi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Gara fa, Malam? Ko ka shirya da ita?

Malam Na Tsafe: Hajiya, ki fara biyan kuɗin buhunan nan tukuna.

Injiniya: Kwafi uku ake so, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen shago. Hadis ya riƙa kwana a gida, kada a bar shi a jone, don ƙwayar cutar kwamfuta da ke kulle fayiloli tana bin duk abin da ke jone. Na intanet kuma a sa masa kalmar sirri kafin a ɗora.

Mai Kayan Masarufi: Na gode. Injiniya, gobe bayan la'asar za ka samu leƙowa?