Madanni ɗaya na Esc da Ctrl yana rikicewa a QMK: wane saiti ne ya dace?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san QMK, manhajar da ake ɗora wa kibod don tsara aikin madannansa.

Kibod ɗin ƙarami ne, na kashi 60 (kimanin kashi 60 na cikakken kibod), mai na'urar sarrafawa ATmega32U4. Na tsara shi irin na tsofaffin tashoshin Unix, Ctrl a gurbin Caps Lock. Madannin na sa masa LCTL_T(KC_ESC): a taɓa ya ba da Esc, a riƙe ya zama Ctrl.

A saitin asali, TAPPING_TERM (lokacin da ke raba taɓawa da riƙewa) milisakan 200, idan na buga Ctrl+C da sauri don tsayar da shirin da ke gudana sai Esc ya fito, c ya biyo baya, shirin kuma bai tsaya ba. Da na kunna HOLD_ON_OTHER_KEY_PRESS (wanda ke mayar da madannin Ctrl da zarar an danna wani) wannan ya gyaru, wata matsalar ta ɓullo: a Vim, manhajar da nake rubuta kod da ita, in na taɓa Esc na danna j kafin yatsa ya gama tashi, Ctrl+J ake aikawa, sabon layi ya shiga cikin kod. Wannan ta fi damuna, don ba kullum ido ke kamawa ba.

PERMISSIVE_HOLD (wanda ke ba da Ctrl idan an danna wani madannin an kuma sake shi kafin a saki wannan) ya rage abin, amma in na saki Ctrl kafin C, Esc ke dawowa. Na sauke TAPPING_TERM zuwa milisakan 150, har yanzu ana samu. Ba daga tmux (manhajar raba tagogin tasha) ba ne, escape-time ɗinsa, wato lokacin da yake jira bayan Esc, yana kan milisakan 10.

Shin TAPPING_TERM_PER_KEY (lokaci na daban ga kowane madanni) da milisakan 120 ga wannan madannin kaɗai zai wadatar, ko gara in raba su, Esc ya koma kusurwar sama ta hagu? Wanda yake da saitin da ya zauna, don Allah ya nuna mini config.h ɗinsa, wato fayil ɗin saitin. Na gode.