Masu ɗaukar hoton hamingbad (ɗan ƙaramin tsuntsun nan na Amurka mai tsotsar ruwan fure) a bayan gida, ya kuka kwashe bana?

Daga Houston:
Salam 'yan uwa. Na farko ya sauka gidanmu tsakiyar Maris, namiji ne, dama mazan ke riga matan isowa. Na rataya kwalbar ruwan sikari jikin katanga, kwana uku ina fama da kyamara amma duk hoton da na ɗauka fikafikan sai su fito kamar hayaƙi, kuma jan maƙogwaron nan da nake gani da idona a hoto baƙi ƙirin yake fitowa. Wa ya san kan abin don Allah?

Daga Atlanta:
Wa alaikumus salam Malam. Nima haka na sha fama bara. Tsuntsun nan yana kaɗa fiffike kusan sau 50 a daƙiƙa ɗaya, sai ka kai saurin shata (buɗewa da rufewar idon kyamara) 1/2000 na daƙiƙa ko sama, ka ɗaga ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) kar hoton yayi duhu. Maƙogwaron kuma sheƙi ne, sai haske ya bugi gashin ta daidai yake ja, to ka ba rana baya da hantsi ka jira ya juyo ya fuskance ka.

Daga Maryland:
Mu nan sai ƙarshen Afrilu muke ganinsu. Ni kam na daina binsu da kyamara, wani busasshen reshe na ɗaure kusa da kwalbar na saita a kansa na zauna shiru da shayina, in ya sha ya kan dawo ya huta a wurin, nan nake samunsa tsaf har ƙwayar ido. Wlh ranar da 'yata ta gaya min nauyinsa wajen giram 3 ne kuma wasu na tsallako tekun Meziko wajen kilomita 800 ba sauka, jikina yayi sanyi, ikon Allah. Abin da zan roƙa, sikari awo 1 ruwa awo 4, banda zuma banda jan kala. A riƙa canja ruwan duk kwana biyu in an fara zafi, na taɓa barin nawa mako guda ya yi funfuna, har yau abin na damuna.

Daga Sakramento:
Gaskiya ne Hajiya. Namu irin da ake kira Anna duk shekara suna nan, baƙon shi ne wani irin da ake kira rufos mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke wucewa wasu har Alaska, ga faɗa, baya barin kowa ya sha. Sha-kauci na gida yake tuna min, sai dai wancan yafi sauka kan reshe ya tsotsi fure.

Daga Houston:
Allah ya saka. Na ɗaure reshen jiya, yau da hantsi ya sauka ya juyo, maƙogwaron ya fito jawur kamar garwashi.