Injin jirgi mai batir: wanne ya dace da kwale-kwale a Dam ɗin Tiga?

Masuncin Tiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar wanda ya san ƙaramin injin nan na jirgi mai aiki da batir, wanda ake maƙalawa a jikin jirgi yana tafiya ba ƙara ba hayaƙi.

Kamun kifi nake yi a Dam ɗin Tiga, ni da ƙanena. Kwale-kwalenmu na katako ne, tsawonsa kamar mita shida, aikinmu kalli (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa) da mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi). Da ƙaramin injin fetur muke fita, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kifin ya koma ƙarewa a galan, sai muka jingine shi muka koma filafili. Yanzu kafin mu gama duba kalli kafaɗa ta mutu, rana ta ɗaga, masu sayen kifi sun fara watsewa daga bakin ruwa.

Na ga ana rubuta 30, 40 da 55 a jikin injinan, me lambar take nufi? Ina da batirin mota a gida, zai ja shi? Kuma zai iya kai ni tsallaken dam ya dawo da ni?

Mai Sola, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ba masunci ba ne, aikin sola da batir nake yi, amma na haɗa irin wannan injin.

Lambar nan ƙarfin turi ce, ana auna ta da fam, ba da doki kamar injin fetur ba. Ƙa'idar da masu ƙera su suke bayarwa ita ce fam 2 na turi ga kowane fam 100 na nauyi. To yi lissafi: jirgin katako da ya sha ruwa, ku biyu, jiƙaƙƙen kalli, kifi, ga batir. A ce duka kilo 500, wato fam 1,100 ke nan. A takarda mai 30 ya isa. Amma wannan lissafin na ruwan da yake kwance ne. Ni dai 55 zan ce ka ɗauka, domin shi ne kusan mafi ƙarfi da yake aiki da batir ɗaya mai bolt 12. Da ka haura zuwa 70 ko 80 ka shiga bolt 24, batir biyu ke nan.

Batirin mota kuwa, don Allah bar shi a gida. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a tayar da mota, nan take a sake cika shi. In kana zuƙe shi kullum ba zai daɗe ba zai mutu. Irin na sola kake buƙata, mai jure a sha shi a hankali.

Ga inda mutane suke yin kuskure. Mai 55 in ka murɗa shi ƙarshe yana jan kusan amfiya 50. Batir na darma mai 100Ah (ma'aunin yawan wutar da batir yake riƙewa), in kana son ya yi maka shekaru, rabinsa kawai za ka riƙa sha. Ka ga awa ɗaya ke nan a cikakken gudu. In ka bi shi sannu yana jan 10 zuwa 15, sai ka samu awa uku zuwa biyar. Don haka kuɗinka ya fi tafiya a kan batir, ba a kan injin ba. Ka sa bireka, mai katse wuta in ta yi yawa, mai amfiya 60 kusa da kan batirin, waya kuma mai kauri, gajera. Siririyar waya zafi take ɗauka, tana cinye maka wuta a banza.

Cajin ba wuya a Kano. Faifan sola mai wat 200 da kwantirola (na'urar daidaita caji) zai mayar maka da wannan rabin a wuni guda in rana ta fito sosai.

Ɗan Yauri:

Ɗana, lissafin mai sola daidai ne, bari in ƙara maka na ruwa.

Wannan injin ba madadin na fetur ba ne, madadin filafili ne. Gudunsa bai wuce na mutum mai sauri a ƙasa ba. A nan wajenmu a kan Neja, lokacin da ruwa ya kawo, ba wanda zai dogara da shi ya hau gaba da ruwa. Ku naku dam ne, ya fi muku sauƙi, amma Tiga ruwa ne mai faɗi, kuma ka san yadda iskar hunturu take tayar da shi. Tsallake da batir ɗaya, ban ba ka shawara ba. Filafili kada ya bar cikin jirgi, rigar kariya ma haka, kai da ƙanenka.

Inda zai yi maka rana shi ne bin kalli da mamari. Kana tafe shiru, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ƙanenka yana ɗaga igiya, kifi bai ji komai ba. Mai jan ƙugiya a bayan jirgi don giwan ruwa ma irin wannan tafiyar yake so.

Sai dai ka kula da farfela. Zaren kalli in ya naɗe a bayanta yana cin robar da take tare ruwa, ruwa ya shiga cikin injin, shi ke nan. Ka saba kwance ta kana dubawa, za ka tarar da zare ya naɗu tam kamar a ƙwarƙwaro. Kainuwa da ciyawa ma suna shaƙe ta.

Wani abu kuma: an yi shi ne don jirgi mai shafaffen baya. Kwale-kwale mai tsini sai kafinta ya gicciya maka katako mai ƙarfi kusa da baya, ya ɗan fito gefe, a ɗaure injin a nan.

Masuncin Tiga:

Na gode Baba, na gode Mai Sola, Allah ya saka da alheri. Bayan namu akwai ɗan katakon da muke ɗora injin fetur, ina ga zai ɗauka. Wurin kallinmu ma ba nisa, tsallaken sai jefi-jefi. Saura tsawon sandar injin, na ga akwai inci 30 da 36. Kuma batirin litiyom da ake ta magana fa?

Mai Sola, Sabon Gari:

Auna daga saman katakon zuwa fuskar ruwa, da kaya a jirgin, sannan ka ƙara tsawon da zai sa ɓangaren injin na ƙasa, inda farfela take, ya nutse kamar inci 12. In bai nutse ba farfela za ta riƙa shan iska tana ƙara, turin ya ragu. Ga kwale-kwale, injin mai sanda inci 30 yakan isa, amma mai 36 ana iya zuge shi sama, gajere kuwa ba a ƙara masa.

Litiyom irin LiFePO4 mai 100Ah bai kai rabin nauyin na darma ba, shi kusan kilo 12, wancan kusan 30, kuma kana iya shan kusan dukkansa. Wanda zai riƙa saɓa batir daga bakin ruwa zuwa gida kullum zai ji bambancin. Yana da tsada, kuma dole kwantirolarka ta zama mai saitin litiyom.

In ka je saye, tambayi yadda ake rage gudunsa. Akwai mai giya biyar gaba uku baya, kamar Endura C2 na kamfanin Minn Kota, akwai kuma wanda ake murɗawa a hankali ba mataki, kamar Endura Max. Na biyun ya fi tattalin batir a ƙaramin gudu, kuma a nan aikinka yake. Kowanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka tabbatar mai shagon yana da farfelarsa da fil ɗinta na canji, ka haɗa da su tun ranar.